Sikila: Gwaji muke tsoro, amma muna sayen garin leda

Duk gidan da ke da mai sikila ya san wannan saƙo. Yana zuwa ta WhatsApp, ko daga bakin wata maƙwabciya mai kyakkyawar niyya: an samo sabon magani, wai shi sitem sel, gari ne a 'yar leda, a zuba ƙarƙashin harshe safe da yamma. Wai yana maganin sikila, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, har da rashin haihuwa. Uwar da ta kwana tana danna ƙafar ɗanta da tsumma mai ɗumi, shi kuma yana kuka har muryarsa ta dushe, ba za ka ga laifinta ba idan ta sayar da 'yan kunnenta ta saya.

Laifin na masu sayarwa ne. Galibin garin nan daga tuffa da inabi ake yin sa, masu shi ma sun rubuta haka a jikin kwali. Ƙwayar halittar tuffa ba ta rikiɗa ta zama jinin mutum. Ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci.

Sitem sel na gaskiya da suka shafi jini a cikin ɓargon ƙashi suke, su ne uwayen da ke haifar da ƙwayoyin jini. Tun 1984 likitoci a Amurka suka ba da rahoton yarinyar da dashen ɓargo ya raba da sikila, kuma a 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi irin wannan dashe a karon farko a Najeriya. Matsalar ita ce galibi sai an samu ɗan'uwa wanda ɓargonsa ya dace, kuma yawancin marasa lafiya ba su da shi.

Wannan ce ta sa masana suka koma kan ɓargon maras lafiyan kansa. A ciro ƙwayoyin, a gyara su a ɗakin bincike da fasahar CRISPR yadda za su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan a mayar. Victoria Gray, wata baƙar fata daga jihar Mississippi, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa a 2019. Aka ci gaba da gwaji ana ƙirga kowane ciwo da kowane kwanciya asibiti. Cikin mutum 31 da aka bibiya yadda ya kamata, 29 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da mummunan tashin ciwo ba. A kan wannan gwaji Birtaniya ta amince da maganin, Casgevy, a Nuwambar 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba.

Masu gwajin ba su ɓoye ɗacinsa ba. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ƙone tsohon ɓargo da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, a yi makonni a keɓe, kuma mutum na iya rasa haihuwa har abada. Za a bi sawun waɗanda aka yi wa har shekara 15. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Mai garin leda kuwa bai taɓa faɗa wa kowa illa ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya tona shi.

Tsallake gwaji na kashe mutane ko da a hannun manya ne. Paolo Macchiarini, likitan da cibiyar Karolinska ta Suwidin ke taƙama da shi, ya dasa wa mutane maƙogwaron roba da ya shafa wa sitem sel ba tare da ingantaccen bincike ba. Ukun da ya yi wa a can duk sun rasu, kuma a 2023 kotu ta ɗaure shi shekara biyu da rabi.

Na san abin da ke zuciyar mai karatu a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a garin nan dai likitocin Asibitin Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gudanar da gwajin maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar jiki, da izinin iyaye, da kwamitin sa ido, kuma duniya ta karɓi sakamakon. Ashe za mu iya.

Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasin tana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a shekara, fiye da kowace ƙasa, bai kamata ta zama 'yar kallo ba. Gwamnatocinmu su gina ɗakunan dashen ɓargo a Arewa, su nemi a kawo gwaje-gwajen nan gida bisa sharaɗi: bayani da Hausa, 'yancin fita a kowane lokaci, da rangwamen farashi idan magani ya yi nasara. NAFDAC kuma ta leƙa kasuwar garin leda.

Ku kuma iyaye, duk wanda ya zo muku da sitem sel, ku tambaye shi a wane asibiti aka gwada, mutum nawa, wace hukuma ta amince, kuma mene ne illarsa. In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku ku kai yaron asibitin sikila.