Tiyatar rage ɗan tsaka: Tambayar da ake tsallakewa kafin a ɗauki aska

A ƙauyukan Madobi, Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke raya noman rani, mata da dama na da ɗan abin hannunsu daga turara shinkafa da tsinkar tumatir. Wayar hannu kuma ta shiga har ƙuryar ɗaki. Maganar da a da ba a yin ta sai a kunnen ungozoma, yanzu tana zuwa a bidiyon TikTok da Instagram, inda asibitocin kuɗi na Turkiyya da Amurka da wasu ƙasashe ke tallan abin da suke kira gyaran gaban mace. Daga ciki akwai tiyatar rage girman ɗan tsaka, ko rage fatar da ta rufe shi.

Ba na jin akwai mata da yawa a yankin nan da za su iya biyan kuɗin jirgi zuwa Istanbul. Amma tallan na barin tabo a zuciya: yana gaya wa mace cewa halittarta na da aibi, kuma maganin aibin yanka ne. Wadda ba ta da kuɗin likitan waje tana da wanzami a unguwa, ko wani mai kemis da ke kiran kansa dakta. Nan ne haɗarin yake.

Girma alama ce, ba ita ce cutar ba

Abu na farko da likitocin mata ke jaddadawa shi ne halittar mata ta bambanta ƙwarai, kamar yadda hanci da kunne suka bambanta. Yawancin masu ganin nasu ya yi yawa lafiyarsu ƙalau. Amma akwai girman da yake na gaske, kuma kusan ko da yaushe yana da sanadi.

Babban sanadin shi ne yawan sinadarin halittar maza a jikin mace. Akwai waɗanda aka haife su da matsala a wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a saman ƙoda, waɗanda ke fitar da sinadarin fiye da ƙima. Idan abin ya yi tsanani tun a haihuwa ake ganinsa, har mutane su riƙa cewa an haifi mata-maza. Idan mai sauƙi ne, sai bayan balaga yake bayyana. Akwai kuma masu amfani da allurai ko ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin, wani lokaci ba tare da sun san abin da ke ciki ba, musamman a wannan zamani da ake haɗa kayan mata da magungunan bature a sayar ba takarda.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne girman da ya zo wa baligar mace farat ɗaya, cikin 'yan watanni, tare da kaurin murya, tsirowar gemu, zubewar gashin gaban kai ko ɗaukewar al'ada. Irin wannan na iya zama alamar ƙari a mabuɓɓugar ƙwan mace ko a waɗancan gaɓoɓi na saman ƙoda. Idan aka yanke abin da ake gani a waje, ƙarin yana nan yana ci gaba da girma a ciki, kuma an kawar da alamar da za ta kai mai ita asibiti. Gwajin jini da hoton ciki ne ke bambance wannan da wancan, ba ido ba.

Sai kuma wani sanadi da ya shafe mu kai tsaye. Likitoci a Najeriya sun daɗe suna rubutu kan matan da ke zuwa da ƙullutu a wurin, wani kamar ƙwan kaza, suna zaton ɗan tsakansu ne ya girma. Da aka duba sai a tarar ƙunshin ruwa da maiƙo ne da ya taru a ƙarƙashin tabon kaciyar da aka yi musu suna jarirai. Wato askar farko ce ta haifar da kumburin, ga shi kuma ana shirin komawa wurin mai askar ya gyara.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu

Bahaushe yakan ce shi ba ya yi wa mata kaciya, al'adar wasu ce. Amma duk wanda ya tashi a karkarar Kano ya san aikin wanzami a makon suna: cire beli, tsaga, da cire angurya ga jaririya. Ya kuma san yankan gishiri, wanda ake yi wa mace idan naƙuda ta yi tsawo, ko ba ta samu ciki ba, ko amarya ta ƙi yarda da miji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa kaciyar mata gida huɗu, kuma irin waɗannan yanke-yanke na faɗawa a kaso na huɗu, wato duk wata tsaga, huda ko kankara a gaban mace ba da dalilin lafiya ba.

Sakamakon kuwa ba a ɓoye yake ba. Yankan gishiri na daga cikin abubuwan da ke jawo yoyon fitsari, bayan doguwar naƙuda da ita ce kan gaba. Cibiyar Laure da ke Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad a Kano da asibitin Babbar Ruga a Katsina sun shafe shekaru suna ɗinke ɓarnar.

Binciken lafiya na ƙasa na 2013 ya nuna kashi 25 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 an yi musu kaciya, na 2018 ya nuna kashi 20. A duniya baki ɗaya, hukumar UNICEF ta ce a 2024 adadin ya haura miliyan 230.

Ina iyakar take?

A nan muhawarar take da sarƙaƙiya, kuma Turawan ma ba su warware ta ba. Ingila ta yi dokar hana kaciyar mata a 2003, amma asibitocin kuɗi a can na yin tiyatar kwalliya a wuri guda, abin da ya sa masu suka ke tambaya: me ya sa idan 'yar Afirka ce a kira shi kaciya, idan Baturiya ce a kira shi kwalliya? Ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta fitar da matsaya a 2007, ta sabunta a 2020, cewa irin waɗannan tiyatoci ba larurar lafiya ba ce, ba a tabbatar da amincinsu ba, kuma suna iya barin ciwo, tabo da mutuwar ji a wurin.

Dalilin a fili yake. Wata likita 'yar Ostareliya, Helen O'Connell, ta nuna a 1998 cewa abin da ake gani a waje ɗan ƙaramin sashe ne na gaɓar, mafi yawanta a cikin jiki take, cike da jijiyoyi. Shi ya sa ko a inda tiyata ta zama dole, likitoci sun daina guntulewa kamar yadda ake yi a da, suna rage naman ciki ne su bar jijiyoyin da kan. Aiki ne na ƙwararre a ɗakin tiyata, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma bayan an gano sanadi an fara magance shi.

A ganina ba daidai ba ne a haɗa komai a kwando ɗaya. Baligar macen da aka gano tana da larura, tana jin zafi wajen tafiya ko kwanciyar aure, aka yi mata bayanin abin da za ta iya rasawa kuma ta amince da bakinta, tana da haƙƙin a yi mata aiki. Wannan daban yake da wadda uwar miji ko kishiya ta yi wa gori, aka kai ta aka danne. Sai dai farar riga kaɗai ba ta wanke yanka. A Masar, inda ma'aikatan lafiya ne ke yin mafi yawan kaciyar, mutuwar wata yarinya 'yar shekara 12 a wani asibiti a 2007 ce ta tunzura ƙasar ta haramta aikin a 2008, kuma hukumar fatawa ta ƙasar ta goyi bayan hanin.

A Najeriya, tsohon Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane a watan Mayun 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara huɗu, ko tarar da ba ta wuce Naira 200,000 ba, ko duka biyun, ga wanda ya yi wa mace kaciya. Amma a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta karɓe ta, kuma Kano ta daɗe a sahun baya wajen karɓa.

Ko an yi dokar ma, matar Madobi ba kotu take fara zuwa ba. Ƙaramin asibitin garinsu take zuwa, idan kunya ta bar ta, kuma sau da yawa namiji za ta tarar a kan kujera, ga layi a bayanta, ga labule da ba ya tare murya. Da yawa sai su ce ciwon mara ne, a ba su maganin sanyi su koma gida. Abin da ake buƙata a wannan mataki ba shi da tsada: ma'aikaciya mace, ɗaki mai ƙofa, da tambayoyi uku da kowace ma'aikaciyar lafiya za ta iya koya cikin yini guda. Yaushe ya fara? Me kike sha ko shafawa? An taɓa yi miki yanka a wurin? Amsar waɗannan ce za ta nuna ko a kwantar mata da hankali ta koma gida, ko a rubuta mata takardar zuwa Kura ko Kano a wannan makon.