Wakafi ko Hiba: Inda Linux da BSD Suka Raba Hanya

Duk wanda ya taɓa zama a majalisin ma'abota kwamfuta, ya ji suna jayayya a kan wace babbar manhaja ce ta fi, wannan yana yabon Debian saboda ba ta gaggawar sauyi, wancan yana cewa Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar a 2004, ta fi sauƙi ga ɗan koyo, wani kuma ba ya jin kira sai na OpenBSD don tsantseninta a sha'anin tsaro, lalle zai tuna da saɓanin malamai a kan furu'a, alhali kuwa asalin mas'alar yana wani wuri dabam.

A nawa ganin, abin dubawa shi ne sharaɗin da aka ɗora wa kowacce. Linux, tushen Debian da Ubuntu, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, tana ƙarƙashin lasisin GPL na Richard Stallman, wanda hukuncinsa ya yi kama da na wakafi: kowa yana iya ɗauka, ya gyara, har ma ya sayar, amma matuƙar ya miƙa wa jama'a, wajibi ne ya bayyana asalin rubutun manhajar tare da gyaran da ya yi. Ita kuwa BSD, wadda ta samo tushe daga Jami'ar Kalifoniya a Berkeley, hiba ce tsantsa. Wanda ya karɓa ya mallaka, in ya so ya rufe ƙofarsa. Da haka Sony ta gina manhajar PlayStation 4 a kan FreeBSD, kuma babu mai zarginta, tun da mai kyauta bai gindaya komai ba sai a ambaci sunansa.

Ba na musun karamcin mutanen BSD, kuma ingancin aikinsu a fili yake, sai dai zuciyata ta fi karkata ga wakafin, saboda wata ƙaramar hujja. A 2003 aka gano cewa wata na'urar rarraba intanet ta kamfanin Linksys, shuɗiyar nan mai eriya biyu da ake kira WRT54G, da Linux take aiki. Masu kishin lasisin suka matsa, kamfanin ya saki rubutun, kuma daga gare shi aka samar da manhajar OpenWrt a 2004, wadda har gobe mutane ke ɗorawa a kan na'urorin da masu ƙera su suka daɗe da daina kula da su.