Zauren Anti: Ƙanina Fatar Gabansa Ta Matse, In Ja?

Wasiƙar da na zaɓa wannan karon daga Tafoki ta zo, can ƙasar Faskari. Wata 'yar makaranta ce ke tambaya game da ƙaninta ɗan shekara 3 da ba a yi wa kaciya ba. Ta ce fatar gabansa ba ta komawa baya in tana masa wanka, in zai yi fitsari kuma sai ta kumbura kamar balan-balan. Kakarsu ta ce a riƙa ja har ta buɗe.

Ƙanwata, ki lallaɓa Kaka, amma kar ki ja. Wannan fatar, wato loɓa, manne take da kan gaban jariri tun haihuwa, kuma da kanta take saki sannu a hankali. Wani likita a Ingila, Douglas Gairdner, ya rubuta a 1949 cewa jarirai 4 kacal cikin 100 ake haifa da loɓa mai komawa baya. A 1968 kuma likita Jakob Oster ya duba 'yan makaranta a Danmak, ya tarar 8 cikin 100 ke da matsattsiyar loɓa a shekara 6 zuwa 7, amma a shekara 16 zuwa 17 saura 1 tak. Kumburin nan ma ba abin tsoro ba ne, muddin fitsarin na fita sosai ba kuka. In kin ga ɗan farin abu kamar awara a ƙarƙashin fatar, ba mugunya ba ce. Ki wanke waje da ruwa, shi ke nan.

To mene ne laifin ja? Fatar tsagewa take, in ta warke ta yi tabo, tabon kuma ya ƙara matse bakin. Wanda ya fi muni, wani lokaci takan koma baya ta maƙale kamar zobe a kumburarren yatsa. Kan ya kumbura, ya yi duhu, jini ya kasa wucewa. Wallahi wannan ba a kwana da shi, haka ma yaron da fitsari ya ƙi fita sam. Na san yadda tafiyar dare ta zama abin fargaba a hanyoyin Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, shi ya sa nake cewa da kin gani ki faɗa wa manya tun da sauran rana, a nufi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Funtuwa.

Akwai kuma waɗanda ba na gaggawa ba, amma sai likita ya gani: yaro na kuka ko yunƙuri wajen fitsari, fitsarin na fita siriri kamar zare, wurin na yawan yin ja da ruwa, zazzaɓi tare da fitsari mai wari, ko bakin fatar ya yi fari ya yi tauri. Sau da yawa wani man shafawa likita ke rubutawa, a shafa mako 4 zuwa 8, fatar ta yi laushi. Don Allah kar wata ta ɗauko man bilicin ɗinta ta ce ai duk ɗaya ne! Ku kuma amare masu kunyar ɗan fari, wadda ko kallonsa ba ta yi a gaban surukai, ki duba ɗanki in kun shiga ɗaki.

Kaciya dai mu dama yi za a yi, ko a jarirai ko a jira sanyi a kira wanzami kamar yadda aka saba. In likita ya ce a yi yanzu, ba sai an jira hunturu ba. Amma a fara duba yaron. Idan ƙofar fitsarinsa a ƙasa take ba a tsinin ba, kar a yanke, domin da fatar ake gyara wurin a tiyata. Idan a dangi, musamman wajen kawunnai, akwai mai jinin da ba ya tsayawa, a faɗa kafin a sa aska. Kowane yaro da tasa sabuwar reza, kuma ban da toka ko kashin shanu a kan ciwon, ta nan tetanos ke shiga.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ina jiran wasiƙunku.