A bar ƴan lakwal su ji gurumi

Ƴan uwa, in kun bi ta bayan lakwal da hantsi, za ku ji yara suna waƙa. Amma ku tsai da yaro guda ku tambaye shi: "Ka san kukan gurumi? Ka taɓa ganin algaita?" Da yawa sai su yi shiru. Tsofaffin makaɗa suna ƙarewa, kuma mushe bai iya koya abin da shi kansa bai sani ba.

Ni ganina, salula tana iya taimaka muna.

Ga misali. Buduma, mutanen tabkin Cadi, suna da abin kiɗa mai tsirkiya 5, sunansa biram. An kai lokacin da masu iya shi suka kusa ƙarewa. Sai Malam Maman Barka ya tashi ya je wurin wani tsoho, Bukar Tar, ya koya. Daga baya aka ɗauki kiɗan nasa a faifai. Maman Barka ya rasu a 2018, amma yau yaro a Maraɗi ko Tawa yana iya jin biram cikin aji. Da ba a ɗauka ba, mi za ya ji?

Koyarwa da na'ura ba baƙon abu ba ne a Nijar. Tun 1964 aka fara karatu da talabijin cikin wasu lakwal. Kayan wancan lokaci suna da tsada da nauyi. Yanzu salula guda da ƴar karamar lasifika sun isa aji, kuma faranti mai aiki da rana yana ba su wuta. Da aka canza taken ƙasa a 2023, ai kowane mushe sai da ya saurare shi kafin ya koya ma yara.

Wasu iyaye suna cewa: "Ba mu kai ɗanmu lakwal don ya zama maroƙi ba. Kuma salula cike take da waƙoƙin banza." Tsoronsu yana da dalili. Shi ya sa salula ta zamna hannun mushe kaɗai, shi za ya zaɓi abin da za a ji. Waƙar noma da waƙar daka ba su ɓata yaro. Cikinsu yake jin hausa mai kyau, ya iya ƙidayar taki, ya saba aiki tare da ƴan uwansa.

Sai dai kada salula ta yi waƙa, yara su zuba ido. A ji sau biyu, a kashe, yara su rera, su tafa, su buga ƙwarya.

Mu iyaye ma muna da aiki. In akwai tsohuwa mai waƙar niƙa a garinku, ku raka mushe gidanta, ku nemi yardarta, ku ɗauki muryarta. Ku yi shi bana, kada ku jira baɗi.