Kafin a yanka bayan mutum

A 1994, wani bincike a Amurka ya ɗauki hoton MRI na mutum 98 marasa ciwon baya, ya tarar faifan ƙashin bayan fiye da rabinsu ya kumburo. Ke nan hoto kaɗai ba ya nuna tushen ciwo. Shi ya sa wasu likitoci kan gwada allurar kashe jiki ta gadon baya. Idan ƙafafu sun mutu amma zafin na nan, mai yiwuwa tushensa na sama, a laka ko ƙwaƙwalwa, inda wuƙar tiyata ba za ta warkar ba. Idan zafin ya ɗauke, ba a san wace jijiya ce ba, domin maganin na kashe da yawa tare. A ganina, wannan allura ta isa hujjar fasa tiyata, amma ita kaɗai ba ta isa hujjar yin ta ba.