Dafin Da Ba Shi Da Wari

Tun zamanin Hausa Bakwai a ke kiran Kano da Rano sarakunan baba, saboda rini. Marinin ƙasar nan ba ya neman takarda kafin ya san halin da babansa ke ciki. Kadan ya sunkuya bakin karofi, hancinsa ya gaya masa ko ta nuna, ko da saura. Haka muka gada a sauran al'amura. Nama ya ɓaci, hanci ke faɗi. Kananzir ya zube a ɗaki, hanci ke faɗi. Har muka saba da zaton abin da zai cuce mu lalle sai ya yi sallama tukuna. To, abin da mu ke so mu gaya wa malaman makaranta da ma'aikatan ofis, tun daga Lausu har Rurum, daga Kibiya har Tarai, shi ne wannan dogari namu, watau hanci, an zo da kayan da ba ya iya tsarewa.

Akwai wani irin ruwa da masu ilmin haɗa magunguna ke aiki da shi a ɗakunan gwaje-gwaje, Turawa na ce masa ayonik likwid. Mu sai mu kira shi narkakken gishiri. Kada a ɗauka gishiri ne aka jiƙa da ruwa. A'a, gishirin ne da kansa ya zama ruwa, ba ɗigon ruwa a cikinsa. Gishirin miya ma ya kan narke, amma sai zafi ya kai digiri 801, alhali ruwa na tafasa a 100. Waɗannan kuwa su kan narke kafin a kai 100, da yawansu ma ruwa ne a zafin ɗaki, suna naɗe-naɗe kamar man gyaɗa. Wani masani, Paul Walden, ya bayyana ɗaya daga cikin na farko a 1914, wanda ke narkewa a digiri 12 kacal. Aka daɗe ba a kula ba, sai wajen ƙarshen ƙarnin da ya wuce masana suka yi masa ca. A 2002 kamfanin BASF na Jamus ya shigar da shi cikin aikin masana'anta sosai.

Me ya sa aka so shi? Domin ba ya tashi sama. A zuba fetur a faranti, an jima kaɗan a tarar ya gudu, ya cika ɗaki da wari, ashana ɗaya ta isa ta jawo gobara. Narkakken gishiri kuwa yana nan inda aka bar shi, ba tururi, ba saurin kama wuta. Ma'aikaci ba ya shaƙarsa, iska ba ta ɓaci. Saboda haka aka yi ta yabonsa, ana cewa ga ruwan aiki mai tsabta ya samu. Yabon nan da gaskiya a ciki, ba mu musa ba.

Amma fa inda alherinsa ya ke, nan sharrinsa ya ke kwance. Abin da ba ya tashi ba ya bushewa. In ya ɗiga a kan tebur yau, gobe yana nan, mako mai zuwa yana nan, yana jiran hannun da zai dafa. Mai hannun nan ya murza ido, ko ya ɓare goro ya jefa baki, shi ke nan ya shiga jiki ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Macijin ƙaiƙayi ke nan. Waɗansu irinsa guba ne in an haɗiye, waɗansu na ƙona ido da fata.

Na biyu, ruwa ma ba kullum ke kashe kaifinsa ba. Akwai irin da aka haɗa da sinadarin fulorin, in danshi ya daɗe da samunsa sai ya saki wani asid mai cin gilashi. Ƙunar wannan asid muguwa ce, gama ba lalle a ji zafinta nan take ba, sai ta ratsa fata ta yi zurfi, tana zuƙe sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Akwai kuma irin da aka haɗa da alminiyom da kulorin, shi da ya gamu da ruwa sai ya yi hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Kowane iri ma, in aka gasa shi fiye da kima, ya kan lalace ya fid da hayaƙi mai cutarwa.

Na uku, da yawansu na gauraya da ruwa, ba su kuma ruɓewa da sauri. Gwaji ya nuna suna kashe kifi da ƙananan halittun ruwa, an kuma lura da cewa gwargwadon tsawon jelar ƙwayar sinadarin, gwargwadon ƙarfin dafinsa. Mu da ke zaune gefen madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, mun san ruwa ba ya tsayawa inda aka zubar da shi. Wanda ya gangara daga nan shi ne ke shayar da shinkafa da tumatir a Kadawa da Kura da Bunkure. Mutumin da ya tuntsurar da kwalba a kwata, ya ce ya rabu da ita, bai rabu ba, ya dai aika wa maƙwabcinsa ne.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Lausu da kayan manyan ɗakunan gwaje-gwaje? Da ruwansa. Tun 1977 da aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, 'ya'yan ƙasar nan ke wucewa jami'a, waɗansu Jami'ar Bayero, waɗansu Wudil, waɗansu har ƙetare. Halin da yaro ya koya gaban malaminsa na farko shi zai kai can. Icce kuwa tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Ban da wannan, tun 2011 masana a ƙasar Folan suka fara mai da magungunan kashe ciyawa su zama irin wannan narkakken gishiri, don kada iska ta kwashe su zuwa gonar da ba a nufa ba. Abin da ke ɗakin gwaji yau, ba mamaki gobe a gan shi a rumfar kasuwa.

Mun ma riga mun san ɗan'uwansa. Maganin ciyawan nan farakwat, wanda manoma suka sani da sunan Gramoxone, shi ma wani irin gishiri ne, sai dai shi a ruwa a ke jiƙa shi. An fara sayad da shi a 1962. Asalinsa ba shi da warin kirki, kamanninsa kuma na abin sha ne, mutane suka riƙa ɗura shi a kwalbar lemo, waɗansu suka kurɓa bisa kuskure. Kurɓi ɗaya na iya kisa, yana cinye huhu a hankali, ba shi kuma da makari. Dole masu yinsa suka zuba masa shuɗin launi da ɗoyi da maganin sa amai. A duba fa, sai da aka ara masa wari don ya riƙa yin sallama. Ƙasashen Turai sun hana shi a 2007, hukumar NAFDAC kuma ta sanar a 2023 cewa za a hana shi a Nijeriya daga farkon 2024. Darasinsa bai kamata ya tafi tare da shi ba.

To, me za a yi? Ga malami, dokokin ba su da yawa. A karanta takardar jikin kwalba kafin a buɗe, a koya wa yara alamun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara: ƙoƙon kai da ƙasusuwa, guba, ɗigo na cin hannu, ƙuna, mataccen kifi da busasshen icce, ɓarnar ruwa. A sa safar hannu ta roba da tabarau. Kada a zuƙi kome da baki, kada a ɗanɗana, kada a ci ko a sha a ɗakin aiki. In ya zube, a rufe da busasshen yashi, a kwashe a zuba a mazubi mai murfi, a goge wurin. In ya taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan a tafi asibiti tare da kwalbar, don likita ya san abin da ya ke yaƙa. Wanda ya haɗiya, kada a tsaya ɗura masa manja ko nono, a yi asibiti da shi nan da nan.

Ga malamin ofis da malamin sito kuwa, alƙalaminsu ne ƙofa. Kada a sa hannu a karɓi kwalbar da ba suna, ko wadda ba ta zo da takardar bayanin haɗarinta ba. Kada a yarda a juye magani a kwalbar abin sha, ko da na rana ɗaya. A rubuta abin da ya shigo, da ranar shigowarsa, da wanda ya ɗauka, a kulle a wuri busasshe. In kuma ana tsara kuɗin sayen kayan gwaji, a sa safar hannu da randar ruwa a layi ɗaya da magungunan. Makarantar da ba ta da ruwan wanke ido ba ta isa buɗe kwalba ba tukuna.

Ba cewa mu ke yi a guji ilmi ba. Kakanninmu sun yi aiki da baba da toka har sunan Rano ya kai nesa, domin sun san halin kayan aikinsu. Mu ma sai mu san halin namu. Su hanci ya ishe su, mu kuwa sai ido da karatu da kiyaye doka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyashe mu da 'ya'yanmu, amin.