Kafin A Ɗaure, Wa Ya Auna?

A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, suka fito da mutum 67, yara da manya, da yawansu da sasari a ƙafa. Makonni kaɗan kafin nan an ga irin haka a Rigasa ta Kaduna. Jama'a suka yi Allah wadai, aka rufe gidajen, maganar ta lafa. Amma akwai tambayar da ba mu ji an yi ba, ga ta kuwa: cikin masu taɓin hankali da ake kai wa irin waɗannan wurare, wa ya taɓa zama ya auna ko lalle haɗari ne ga jama'a?

Mu dai a ganinmu, tsoro ne ke ɗaure su. Da zarar yaro ya fara surutai shi kaɗai, ko ya ƙaurace wa barci, sai a ce mahaukaci ba shi da tabbas, a nemo turu. Alhali kuwa bincike ya ƙaryata wannan kuɗin goro. A Amurka, binciken MacArthur na 1998 ya bi sawun waɗanda aka sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa, ya tarar cewa waɗanda ba su shaye-shaye ba su fi maƙwabtansu ta da fitina ba. A Suwidin kuma, nazarin Fazel da Grann na 2006 ya nuna cewa kusan laifi 1 ne cikin 20 na cin zarafi ake iya dangantawa da tsananin ciwon ƙwaƙwalwa. Sau da yawa ma su ake jifa, su ake duka.

Ba mu ce babu haɗari ko kaɗan ba. Uwar da ɗanta ya ɗauko mata adda ba ta bukatar lacca daga ɗalibi. Abin da muke cewa shi ne, haɗarin nan yana da alamomi, likitoci kuwa sun san su. Shin ya taɓa raunata wani a baya? Wannan ita ce babbar tambaya. Yana shan wiwi ko ƙwaya? Ya daina shan maganinsa? Yana jin murya tana umurtarsa ya cuci wani? Ya ambaci sunan wani mutum da yake zargi da yi masa sammu? Makami na kusa da hannunsa? Wanda amsoshinsa suka taru a kan "i", a gaggauta kai shi asibiti. Wanda kuwa suka taru a kan "a'a", ɗaure shi zalunci ne tsantsa.

Kada kuma a ɗauki awon nan kamar duba. Masana sun gano cewa ya fi iya nuna wanda ba abin tsoro ba ne, a kan nuna wanda zai yi ɓarna gobe. Bugu da ƙari, hali na sauyawa: mutumin da ke da haɗari yau, in ya sami magani da barci, yana iya komawa gona bayan makonni. Saboda haka awo na bukatar maimaici. Mari kuwa, in an sa, sai a manta.

Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. To, amma doka ba ta tafiya da ƙafarta zuwa Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa, kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Kaduna da Kware sun yi wa talaka nisa. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro na Abeokuta cewa ana iya jinyar mai taɓin hankali cikin jama'a, danginsa na tare da shi.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya yin waɗannan tambayoyi, ta kuma wadata su da magani. Muna roƙon Masarautar Daura ta umurci dagatai da masu unguwanni su kai rahoton duk wanda aka ɗaure a gida. Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, mu ne ake tambaya shawara in mun je gida hutu. Ranar da aka ce a nemo maƙeri, mu ce a fara nemo ma'aikacin lafiya.